Fentin da Ake Yi Don a Ɓare

Duk yaron da aka kai garejin fenti, a Kano ne ko a Omdurman, darasin farko da zai sha shi ne na sanfefa. Za a miƙa masa bokitin ruwa da 'yar takarda mai kaushi, a nuna masa ƙofar mota, a ce goge. Zai yi wata da watanni yana wannan gugar kafin a bar shi ya taɓa bindigar feshi, kuma dalilin wahalar guda ne: fenti ba ya kama wurin da yake sumul. Sai an kashe sheƙin tsohon fenti, an yi masa 'yan ƙananan tsagu da ido ba ya gani, sannan sabon ya sami abin riƙewa. Mutuncin mai fenti kacokan a nan yake. Abin da ya fesa ya zauna, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, kada ya ɗaga.

To sai ga wani aiki ya shigo sana'ar yana neman a juya wannan darasi. Ana so a fesa wa mota launi ya zauna daram shekara biyu ko uku, ya sha wanki, ya sha ƙura, amma ran da mai motar ya gaji da shi a sa farce a gefe a ɗago shi, ya biyo hannu gaba ɗaya, fentin kamfani ya bayyana a ƙasa yadda aka bar shi. Ba a goga sanfefa ko sau ɗaya. Wanda ya goga ma ya ɓata aikin. Wannan shi ne feshin roba. Masu tallarsa suna cewa kowa zai iya, kuma gaskiya ne kowa zai iya danna kan gwangwani. Amma a yi shi yadda zai riƙe sannan ya saki a ranar da aka nema, wannan sai mai hannu.

Asalin abin ba don mota aka yi shi ba. A shekarar 1972 wani kamfani a jihar Minnesota ta Amurka ya fara sayar da ruwan roba mai kauri da sunan Plasti Dip, don a riƙa tsoma mariƙin filaya da sufana a ciki. In ka tsoma ka ɗago ka rataye, sai ya bushe ya zama riga mai taushi, hannu ba ya zamewa, ƙarfe ba ya tsatsa. Shekaru da dama a nan ya tsaya, a shagunan kayan aiki. Da aka tsinka shi aka zuba a gwangwanin feshi, sai matasa masu son mota suka gano cewa yana ba wili da tambarin mota wani baƙi mara sheƙi da ido ke so, kuma in ka ƙi shi kana iya cirewa. Wajen 2011 zuwa 2012 bidiyoyin masu fesa mota sukutum suka yawaita a YouTube, aka shiga sayar da shi galan-galan haɗe da injin feshi. Yau kamfanoni barkatai ke yin irinsa, da yawansu a ƙasar Sin, kuma gwangwanayen sun bazu a shagunan kayan kwalliyar mota.

Roba ce ta haɗin masana'anta aka narkar a cikin wani ruwa mai saurin tashi, dangin tina. In an fesa, ruwan ya bi iska, robar ta rage, ɗigo ya haɗu da ɗigo su zama fata guda. Fentin mota na zamani ana gauraya shi da wani sinadari mai sa shi ya daskare ya yi tauri, ba ya kuma komawa ruwa har abada. Ita roba ba ta shiga jikin fentin da ke ƙasa, lafewa kawai take yi a kansa, kuma ko bayan shekara in tina ta taɓa ta sai ta sake narkewa. Shi ya sa kowane sabon feshi yake ɗan narkar da wanda ya riga shi su manne su zama abu ɗaya. Shi ya sa kuma ɗigon fetur yake iya yi mata tabo. Alherinta da rauninta duk daga wannan hali guda suka fito.

Mu leƙa Sudan mu ga yadda ake wannan aiki a can. Soba tana kudu maso gabashin Khartum, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar birni, a gaɓar reshen Nilu mai gangarowa daga Habasha. A tsallaken gabas kufan tsohon birnin yake, fadar daular Alwa ta Kiristocin Nuba wadda ta faɗi wajen shekarar 1500, kuma da jan bulon kufan nan aka yi wasu gine-ginen Khartum na farko a zamanin Turkawa. A ɓangaren yamma akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Khartum, da unguwar masana'antu, da babban titin da ya nufi Wad Madani. Titin nan shi ya shafe mu. Shi ke ratsawa ta Giad, garin masana'antun da aka buɗe a shekarar 2000 inda aka riƙa harhaɗa motocin Hyundai. Shi kuma Hausawan Jazira da Sinnar ke bi in za su shigo birni, har da na Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hanya mai irin wannan zirga-zirga ba ta rasa masu faci da makanikai da masu gyaran bodi a gefenta.

Masu aikin mota na Sudan kuwa ba a yi musu gorin hannu. Su ne suka ɗauki tsohuwar babbar motar Bedford ta Ingila, wadda suke kira Sifinja, suka yi ta warware ta suna sake ƙera ta, su ƙara wa shasi ƙarfi, su sauya inji, su yi mata bodi da ado, har ta riƙa ratsa rairayin Kordofan da Darfur da kayan da ya zarce abin da masu ƙera ta suka tsara. Wani masani Bajamushe, Kurt Beck, ya daɗe yana nazarin aikinsu, a 2009 kuma Valerie Hänsch ta yi fim a kansu. Mutanen da suka saba karɓar abin da aka yi don wata ƙasa su lanƙwasa shi ya dace da tasu, gwangwanin roba ba zai gagare su ba. Ƙasar tasu ce dai take buƙatar abin, ita ce kuma take wahalar da mai yinsa.

Khartum tana cikin manyan biranen duniya mafiya zafi. A watan Mayu da Yuni zafin rana yakan kai digiri 41 ko ya wuce, kuma daga nan har cikin damina ake fama da habub, guguwar ƙurar da ke rufe gari ja wur cikin 'yan mintoci. Rana tana cin sheƙin saman fenti, ta fara da rufi da bonet. Rairayi yana kankare gaban mota a hankali, tsakuwar hanya kuma ta bar mata 'yan ƙananan tabo a hanci. Rigar roba mai kauri tana ɗauke wa fenti kaso mai yawa na wannan duka, ita ta tsufa a madadinsa.

Sai kuma maganar kasuwa, wadda a wurin mai ƙaramin ƙarfi ta fi ta rana nauyi. A wurin dillalan mota tambayar da ke bin ta inji ita ce: fentin kamfani ne, ko an taɓa fesawa? Mai saye zai bi jikin mota da tafin hannu, ya buɗe ƙofa ya ɗaga bakin roba yana neman inda sabon fenti ya taka. Da ya gani farashi ya sauka, don a zatonsa hatsari aka yi ake ɓoyewa. Saurayin da ya tara kuɗi ya sayi farar Accent, ransa na son baƙin rufi da baƙin wili, in ya fesa fenti ya ci kuɗin motarsa da hannunsa. Roba ta raba masa wannan gardama: ya more launin da yake so, ran sayarwa ya mayar da ita yadda ta fito.

Kafin yaƙin 2023 na taɓa zama a wani gareji a bakin titin Madani, ƙarƙashin rumfar kwano, ina kallon wani usta, wato ƙwararren mai sana'a, yana yi wa wilin wata ƙaramar mota baƙi. Bahaushe ne haifaffen can, irin waɗanda kakanninsu suka yada zango a hanyar Makka suka zauna, Hausarsa cakuɗe da Larabci. Lokacin da ya ɗauka kafin ya taɓa gwangwani ya fi wanda ya ɗauka yana feshin. Yaronsa ya wanke wilin da sabulu da buroshi har cikin lungunan da ƙurar birki ke maƙalewa. Aka hure ramukan noti da iskar kwamfiresa, don ɗigon ruwa guda da ya ɓuya a can zai iya gangarowa tsakiyar aiki ya tashe shi. Sannan usta da kansa ya bi ko'ina da tsumma mai tsabta da ya jiƙa da sifirit. Man nan da ake shafa wa taya ta yi ƙyalli, ya sa aka kai shi can bayan gareji. Roba ba ta da maƙiyin da ya wuce maiƙo: inda ya taɓa, feshi zai ja baya ya bar 'yan ramuka, ko ya zauna yau gobe ya kumbura.

Ya cusa baƙar leda ta bayan wili ya lulluɓe faifan birki. Sai ya ciro tsohuwar karta daga aljihu ya riƙa soka ta ɗaya bayan ɗaya tsakanin bakin wili da taya har ta zagaye, kowace ta ɗan hau kan 'yar'uwarta. Gwangwanayen suna ajiye a inuwa tun safe. Ya ɗauki guda ya girgiza har na ƙosa, ya gwada a jikin kwali ya ga yadda bakin ke watsawa, sannan ya durƙusa.

Feshin farko, in ba ka sani ba sai ka ce rowa yake yi. Yayyafi kawai ya yi, farin ƙarfen yana leƙowa ta ko'ina. Yaron ya ce, "Usta, ai bai rufe ba." Ya ce, "Ba rufewa na zo yi ba tukuna, ɗan nan. Bar shi ya kama. Je ka wurin mai shayi ka karɓo wa Malam." Wannan yayyafi shi ke maye gurbin sanfefa. Wili sumul yake, in ka zuba masa feshi mai nauyi tashin farko zai zame ya gangaro. 'Yan ɗigon farko su ne ke bushewa su zama abin da na bayansu zai riƙe. Aka bar shi kamar minti ashirin, muka sha shayi.

Daga feshi na biyu aikin gaske ya fara, kuma a nan nake son mai karatu ya tsaya da ni, don duk gwanintar tana cikin tazarar da ba ta fi taƙi guda ba. Masu yin gwangwanin sukan ce a riƙe shi santimita 15 zuwa 25 daga jikin ƙarfe. In ka matsa kusa fiye da kima, ruwan zai taru ya yi hawaye ya gangaro, kuma ba ka da damar gogewa da sanfefa kamar yadda ake yi wa fenti. In ka ja baya, ruwan da ke ɗauke da robar zai tashi tun a iska, abin da zai sauka busasshen gari ne. Wurin zai fito da kaushi, ya riƙa kama ƙura, kuma ɗigon ba za su taɓa haɗewa su zama fata guda ba. A ƙasa mai sanyi tsakanin waɗannan kurakurai biyu akwai fili. A Khartum filin ƙanƙane ne, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: tazarar da ta yi daidai da ƙarfe bakwai na safe, ƙarfe goma ta yi nisa. Ba a rubuta wannan a jikin gwangwani ba. Ustan ba ya awo da komai, sheƙi yake kallo. Yana so ya ga damshi mai ƙyalli yana bin bayan hannunsa, ya ɗan jima kafin ya dushe. In ya dushe nan take, ya san iska ta fara sha masa, sai ya matso kaɗan ko ya rage sauri. In ƙyallin ya yi nauyi ya fara rawa, sai ya ƙara sauri.

Wuyan hannunsa ba ya lanƙwasawa. Daga kafaɗa yake tafiya, gwangwanin yana fuskantar ƙarfe kai tsaye daga farkon layi har ƙarshe, don mai kaɗa wuyan hannu tsakiya yake cikawa ya bar gefe da yunwa. Yana danna kan gwangwani kafin ya iso wili, ya saki bayan ya wuce, saboda a farkon dannawa da ƙarshenta ne bakin ke tofar da manyan ɗigo. Kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi. Kowane zagaye kuma yana sauya kusurwa, yanzu daga sama, anjima daga ƙasa, daga dama, daga hagu. Bayan na uku ya sa aka tura motar gaba kaɗan, abin da ke ƙasa ya dawo sama, lungunan da suka ɓuya suka fito.

A feshi na uku launi ya riga ya rufe ruf. Mai mota in ya gani zai ce an gama, ya biya, ya tafi yana murna. Ustan ya ƙara uku. Wili huɗu sukan ci gwangwani uku zuwa huɗu in an yi su yadda ya kamata, wanda ya tsaya a rabi kuwa ya tsira da rabin kaya a aljihunsa kuma babu mai kama shi yau. Hawa ukun nan na baya ba don ido ake yinsu ba. Don ranar ɓarewa ake yi, ranar da wataƙila motar tana hannun wani, a wani gari, shi ustan ko labari ba zai ji ba. Roba mai kauri tana da ƙarfin da za ta ja kanta ta fito. Siririya kuwa tsinkewa take yi guntu-guntu, mutum ya wuni yana kankara da farce yana tsine wa wanda bai taɓa gani ba. Sana'o'i kaɗan ne ake gwada amanar mai yinsu bayan shekara biyu a bayan idonsa, kuma abin da ya sa nake ganin girman wanda ya cika hawa shida ke nan.

Akwai 'yan dabaru biyu da ke bambanta wanda ya iya da wanda ya gani a waya. Tef ɗin da aka kare gefe da shi, tun feshin ƙarshe yana ɗanye ake cire shi. In aka bari ya bushe, robar ta riga ta haɗa tef da ƙarfe, kana ja za ta biyo ka. Tambarin mota kuwa ba a wahalar da kai wajen kare shi harafi-harafi. Ana fesa shi ne da kauri har da fentin da ke kewaye, in ya bushe a ɗago na kewayen, robar da kanta za ta yanke a gindin kowane harafi. Abin da ya maƙale a cikin ramin harafi, tsinken sakace ya ishe shi.

Mota sukutum wani babi ne daban. A nan an bar gwangwani, an koma galan: ƙaramar mota takan ci kamar uku, babbar jif huɗu ko biyar. Injin da aka fi so shi ne mai turo iska da yawa amma ba da ƙarfi ba. Kwamfiresar fenti in aka bar ta da ƙarfinta na kullum tana farfasa ruwan ya yi ƙanana ainun, ya bushe kafin ya sauka, sai an rage mata iska an buɗe bakin bindiga. Ana motsa robar sosai, a tace ta, a fara daga rufi a gangaro, kuma mai feshi yana tafiya da ƙafarsa daga hancin mota har wutsiya a layi guda, ba ya tsayawa a tsakiyar ƙofa. Inda ya fi ba da hankali shi ne inda ido ba ya zuwa: bakin ƙofa, ramin mariƙi, lanƙwasar saman taya, ƙasan bamba. A nan roba ke yin siriri, a nan kuma take fara ɗagawa.

Rabin aikin ma karanta gari ne. Ba a fesa ƙarfen da ya sha rana, kuma baƙin bonet da ya wuni a waje a bazarar Khartum yakan wuce digiri 70. Motar tana kwana a inuwa, a fara bayan sallar asuba, usta ya ɗora bayan hannu a jikinta ya ji sanyi kafin ya yarda. Ana yayyafa wa ƙasa ruwa don kada taku ya tayar da ƙura, a rufe bakin rumfa da tamfol ta ɓangaren da iska ke zuwa. Hawa shida da jira tsakaninsu awoyi ne, saboda haka dole a yi lissafi a gama kafin rana ta take. Daga Disamba zuwa Fabrairu aikin ya fi daɗi. A watannin habub kuwa ido ɗaya yana kan mota ɗaya yana kan sama, don ƙurar da ta faɗa wa ɗanyen feshi ta zauna ke nan har ranar ɓarewa.

Abu guda ne ke ɓata mini rai a garejinmu, na can da na gida: yaro yana feshi da tsumma ɗaure a hanci, ko ma babu. Tururin wannan ruwa yana shiga huhu da jini, yana sa jiri da ciwon kai, tsumma ba ya tare shi, kuma madarar da ake ba yara su sha bayan aiki ba ta wanke komai. Takunkumi mai matatar gawayi ake buƙata, da wurin da iska ke wucewa. Tururin yana kama wuta kuma, don haka sigari da garwashin shayi da mai walda duk sai sun yi nisa. Ustan da ya san darajar hawa shida ya kamata ya san darajar ƙirjin yaronsa.

Gwani yana sanin inda kayansa suka gaza, ya faɗa wa mai mota tun kafin a yi ciniki. Roba ba ta ɓoye lotsawa ko tsaga, abin da ke ƙasa shi za ta nuna. Ba ta maganin tsatsa. Ba a sa ta a kan fentin da aka yi kwanan nan sai ya yi makonni ya gama bushewa. Mai mota zai koyi kula a gidan mai, don fetur in ya zubo a gefen tanki aka goge da ƙarfi sai ya tafi da launi. A bar shi ya bushe da kansa ya fi. Wanki da hannu ne, da sabulu mai laushi, kuma ba a kafa bakin ruwa mai ƙarfi a gefen da roba ta ƙare. Masu sayarwa sukan ce tana kai shekara uku. A ranar Khartum hikima ita ce a cire ta tun tana da sauran taushi, musamman a rufi da bonet, domin in ta gasu ta bushe ba ta miƙewa, karyewa take yi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara wa wannan magana nauyi. Soba tana cikin wuraren da aka fara jin harbi a safiyar nan, kuma sai a watan Maris na 2025 sojoji suka karɓe Khartum. Motoci masu ɗimbin yawa an wawashe su, waɗanda suka tsira kuma sun yi kusan shekara biyu a tsaye a rana. Wanda ya dawo ya tarar da rufin motarsa ya yi fari yana ɓarɓashi zai so a lulluɓe masa da roba, tunda ta fi fenti araha da sauri. Usta na kirki zai hana shi. Roba tana riƙe abin da ta samu, in saman fenti ya riga ya saki to ran ɓarewa tare za su taho. Irin wannan mota sanfefa da fenti na gaske take so. Haka nan launin mota yana rubuce a takardunta, kuma a garin da mutane ke yawo suna neman motocinsu da aka sace, abin da ke sauya kamannin mota a wuni guda ba abin wasa ba ne. Wanda aka kawo wa mota a ce a juya mata launi gaba ɗaya, haƙƙinsa ne ya ce a nuna masa takardu, mai ita kuma ya je wurin hukumar kula da motoci a gyara rubutun.

Ranar ɓarewa ita ce ranar sakamako. Ana zaɓar lokacin da ƙarfe yake da ɗumi amma bai yi zafi ba, a murza kusurwa da babban yatsa har baki ya naɗe, a kama da hannu biyu a ja a hankali, kusa da jikin mota, ba a fizga sama ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai yin kisra, siririyar gurasar Sudan, a Omdurman ya san abin da ake nema: ta zuba ƙullu a kan doka, wato kasko mai zafi, ta share shi da 'yar gargariba, abin shimfiɗa ƙullun, a shafa ɗaya, ta ɗago shi faifai guda bai yage ba, kuma ba wurin ɗagowar gwanintar take ba, wurin shimfiɗawar take. In an yi aikin da gaskiya, robar bonet guda tana fitowa a haɗe, tana miƙewa tana biyo hannu, fentin ƙasa ya fito ba tabo, wanki kawai yake jira.

Inda aka tarar ta yi siriri, ba a kai mata wuƙa ko reza. Ana sake fesa mata hawa biyu ko uku masu nauyi, sabuwar ta narkar da tsohuwar su haɗe, in ta bushe a ɗago su tare. 'Yar ƙurar feshi da ta faɗa inda ba a so, tsumma mai laushi yana murje ta. In kuma tsakuwa ce ta yaga wuri tun ana tsakiyar morar launin, ba sai an sake ƙofa duka ba: a yanke abin da ya ɗaga, a dangwali tina da yatsa cikin safar hannu a lallaɓa bakin yagewar har ya kwanta, a bi shi da feshi kaɗan-kaɗan har ya cike.

Mai motar da ba ya son jiran shekara biyu kafin ya san hannun da ya faɗa, akwai gwajin da zai yi. Ya roƙi usta ya ajiye guntun ƙarfe mai fenti a gefen motar, duk zagayen da ya yi wa mota ya yi masa. Washegari ya ɗago kusurwar guntun ya ja. In ta zo a haɗe tana miƙewa, ya biya kuɗin aiki cikakke. In ta zo guntu-guntu, ya mayar da motar a ƙara mata hawa biyu tun robar tana sabuwa.